Ruwan Sama Na Wanke Maka Lambu: Ciyawa, Dutse Ko Siminti?

Duk wanda ya taɓa fitowa da safe bayan an kwana ana tafka ruwa, ya tarar kunyoyinsa sun baje, saiwoyin shuka a waje, takin da ya zuba shekaranjiya kuma ya taru a gindin katanga, ya san irin wannan takaicin. Daga nan sai shawara ta yi yawa. Wannan ya ce a ja kwata da siminti a huta, wancan ya ce a jera duwatsu, wani kuma ya ce ai busasshiyar ciyawa kaɗai ta isa. Kowannensu akwai lambun da maganarsa ta dace da shi. Aikinka shi ne ka gane wane iri ne naka kafin ka saki ko kwabo.

Wane ruwa ne ke yi maka ɓarnar?

Ruwa biyu ne ke cin ƙasar lambu, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne wanda ke sauka kai tsaye a kan ƙasar. Babban ɗigon ruwan sama yana isowa da gudun da ya kai kusan mita 9 a daƙiƙa ɗaya. Idan ya faɗa kan ƙasa tsirara sai ya farfasa ta, ya watsa ɓurɓushinta sama har kusan santimita 60, gefe kuma har mita ɗaya da rabi. Alamarsa ba ta ɓuya. Za ka ga laka ta fantsama a ƙasan bango da bayan ganyayen da ke kusa da ƙasa. In ka durƙusa ka duba da kyau, za ka ga 'yan tsakuwoyi a tsaye kan wasu ƙananan ginshiƙan ƙasa, kowace da nata, kamar an ɗora musu hula. Tsakuwar ta kare abin da ke ƙarƙashinta, na kewaye kuwa ya tafi. Tsayin ginshiƙin shi ne kaurin ƙasar da ka yi asara. Da rana ta fito kuma saman ƙasar ya yi ɓawo mai tauri, ruwa na gaba ya kasa shiga, sai ya bi ta kai ya wuce.

Na biyu shi ne ruwan da ya taru a wani wuri sannan ya afko wa lambun: daga rufin kwano, daga daɓen tsakar gida, ko daga hanya. Lissafinsa mai sauƙi ne. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 80, in aka yi ruwa na milimita 25, ya tara lita 2,000, wato ganga goma irin mai lita 200, kuma sau da yawa ta bakin indararo ɗaya ko biyu duk za su fito. Wannan shi ke haƙa rami a inda yake zuba, ya ja 'yan siraran hanyoyi a cikin lambu, waɗanda in aka ƙyale su su ne ke zama kwazazzabo. A ganina mafi yawan lambunan gida wannan ruwan ne ke kashe su, amma masu su sai su yi ta fama da kunyoyi, ba sa ɗaga kai su dubi rufi.

Kada ka raina abin da ke tafiya. Milimita ɗaya tak da aka share daga lambu mai murabba'in mita 100 ta kai lita 100 ta ƙasa, kusan kilo 130, kuma ita ce ta saman, mai taki da albarka.

Saboda haka, ran da aka yi ruwa mai ƙarfi, ɗauki lema ka fita ka tsaya ka kalla. Ka kafa 'yan turaku a inda ruwan ke shigowa, da inda yake gudu, da inda yake fita. Bayan ya ɗauke sai ka yi awo biyu. Na gangara: ja igiya lebur tsakanin turaku biyu, in ƙasa ta sauka santimita 5 a cikin kowace mita, gangararka kashi 5 cikin 100 ce. Na shan ruwa: haƙa rami mai zurfin santimita 30, ka cika shi, ka bari ya tsotse, ka sake cikawa. In na biyun ya ƙafe cikin yini guda, ƙasarka tana sha. In ya kwana biyu yana nan, yumɓu ne ya yi yawa, kuma wannan zai hana ka wasu hanyoyin da zan kawo a gaba.

Ma'aunin da zan bi

Kowace hanya zan duba ta ta fuska biyar: wane ruwa take magani, nawa take ci idan aka kwatanta ta da sauran, shekara nawa take kaiwa, ko mutum zai iya yi da hannunsa ko sai ya kira magini, da kuma abin da zai faru in ta gaza. Wannan na ƙarshen shi ne mutane suka fi mantawa. Akwai hanyar da in ta lalace asararka buhun ganye ne, akwai wadda in ta lalace bangon ɗaki take tafiya da shi.

Lulluɓe ƙasa

Busasshiyar ciyawa, kara, ganye, ƙaiƙayi, ɓawon itace, duk abin da zai shiga tsakanin ɗigon ruwa da ƙasa. Kaurin santimita 5 zuwa 8 ya isa. Masana aikin gona suna ɗaukar cewa ko kashi 30 cikin 100 na fuskar ƙasa aka rufe, zaizaya na raguwa da kusan rabi, to ina ga an rufe duka. Ga ƙarin riba: danshi yana daɗewa, ciyawar da ba a so tana raguwa, abin da ya ruɓe kuma ya zama taki.

Ita ce mafi arha, domin yawanci sharar lambun ce da kanta, kuma yau ka shimfiɗa, yau ta fara aiki. Sai dai ba ta da ƙarko. Damina ɗaya ta cinye ta, a wurin da gara ta yi yawa ma ba ta kai haka ba. Game da gara, ra'ayina ya sha bamban da na mutane da yawa: a tsakiyar lambu ba abokiyar gaba ba ce, ramukan da take hudawa suna buɗe wa ruwa hanya ya shiga. Amma kada ka kai lulluɓin jikin bango ko wani katako, kuma ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da gindin shuka don kada ya ruɓar da ita. In ya yi kauri da yawa kunama da maciji na iya samun maɓoya.

Iyakarta a fili take: ruwan sama take tarewa, ba ruwa mai gudu ba. In indararo na zuba a sama da ita, zai kwashe ta gaba ɗaya ya je ya toshe maka magudana. Tsirrai masu yaɗo, musamman dangin wake, suna yin wannan aikin da rai, kuma saiwarsu na riƙe ƙasa, sai dai sukan ɗauki makonni kafin su rufe, ruwan farkon damina kuwa, wanda ya fi ɓarna, ba ya jiran su.

Kunya a gicciye

Wannan ba ta cin komai sai ƙarfi. Maimakon kunyoyi su bi gangara su zama wa ruwa titi, sai a ja su a gicciye, kowace ta zama ɗan shinge. Dalilin da ya sa take aiki shi ne idan gudun ruwa ya ninka biyu, ƙarfin da yake ɗauke da shi ninkawa huɗu yake yi, don haka duk abin da ya rage masa gudu ya rage ɓarna sosai. Manoman yankin Machakos a Kenya sun kai wannan dabara nesa da abin da suke kira fanya juu: suna haƙa rami a gicciye su jefa ƙasar ta ɓangaren tudu, da shekaru suka tafi sai gangaren ya koma matakala da kansa.

Sharaɗinta ɗaya ne, kuma ba ya karɓar uzuri: dole layin ya zama lebur da gaske. In aka yi da ido, za a sami wuri guda da ya fi ƙasa, ruwan duka ya taru can, ya fasa, ya faɗa kan ta ƙasa da ita ita ma ya fasa. An gudu ba a tsira ba, ɓarnar ma ta fi ta da. Siririn tiyo mai garai-garai cike da ruwa, irin wanda magina ke ɗaukar lebur da shi, da sanduna biyu masu alama, sun ishe ka. Kowace damina sai an gyara ta, kuma a ƙasa mai yashi sosai ba ta tsayawa sai an haɗa ta da lulluɓi.

Jerin duwatsu

A yankin Yatenga na arewacin Burkina Faso, tun daga ƙarshen shekarun 1970 manoma suka riƙa jera duwatsu a kan layin lebur, suna auna shi da wannan tiyon ruwa, suka farfaɗo da filayen da suka riga suka zama faƙo. A can ne kuma wani manomi, Yacouba Sawadogo, ya yi suna da ƙananan ramukan shuka da ake zuba wa taki, waɗanda ake kira zaï, haɗe da irin waɗannan duwatsu, har ya sami lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Abin da ya yi aiki a gona yana aiki a lambu.

Ana tona ɗan layi mai zurfin santimita 5 zuwa 10, a zaunar da manyan duwatsu a ciki, a cusa ƙanana a tsakaninsu ta ɓangaren sama, tsayin duka kamar santimita 20 zuwa 30. Fifikonsa a kan kunya shi ne ba ya tare ruwa ɗungurungum, tacewa yake yi. Ruwa ya bi ta ƙofofi a hankali, ƙasa da taki su tsaya a baya. Don haka da wuya ya fashe, ko da an ɗan kuskure lebur.

Kuɗinsa ya dogara ga abu ɗaya: dutse na kusa ko na nesa. In yana filinka, ko akwai ɓaraguzan bulo daga wani gini, kusan kyauta ne. In sai an yi dakonsa, dakon zai fi dutsen tsada. Yana kai shekaru da yawa, illa dai ƙasa tana taruwa a bayansa har ta binne shi, sai an ɗaga shi ko an ƙara wani layi a kai. Ya fi dacewa da gangara mai sauƙi. A mai tsanani duwatsun kan gangaro.

Shingen jema

A nan zan ɗan daɗe, domin ita ce na fi so, kuma ita ce aka fi yi wa gurguwar fahimta. Jema, wadda a duniya aka sani da vetiver, ciyawa ce mai tsiro cunkus wuri ɗaya, saiwarta kuma ba ta yaɗuwa gefe, ƙasa take nufa kai tsaye. A wuri mai kyau takan kai mita 3 ko fiye. Shi ya sa ba ta cika yi wa shukar da ke kusa da ita kishiya wajen abinci ba. Bankin Duniya ya yaɗa amfani da ita wajen yaƙi da zaizaya a Indiya a shekarun 1980, daga nan ta bazu ƙasashe masu zafi da yawa.

Ana raba tushenta a dasa a layi ɗaya, tazarar santimita 10 zuwa 15, a farkon damina. Tazarar nan ita ce sirrin abin. Wanda ya ga tsadar iri ya buɗa su zuwa kamu biyu, ya yi wa ruwa ƙofofi ne, zai matse ta tsakani da ƙarin gudu ya haƙa rami a kowace ƙofa. In kuwa suka haɗe, shingen yana tace ruwa kamar rariya, kuma yana da abin da dutse ba shi da shi: duk yadda ƙasa ta taru a bayansa, yana ƙara fitar da saiwa ya taso tare da ita, ba ya binnuwa. Ganyen da ka yanke, sau biyu ko uku a shekara, shi ne lulluɓin da za ka shimfiɗa a kunyoyi. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu.

Aibinta uku. Tana buƙatar damina ɗaya, wani lokaci biyu, kafin ta haɗe, kuma a watannin farko sai an ba ta ruwa in an yi fari. Ba ta son inuwa, don haka ƙarƙashin manyan itatuwa ko gefen dogon bango ba wurinta ba ne. Sannan ka tambayi iri: wanda aka saba yaɗawa daga kudancin Indiya ba ya yin 'ya'ya masu tsiro, inda ka dasa shi nan zai tsaya, amma akwai dangoginsa masu zubar da iri. Gamba ma tana yin shinge, sai dai tana da tsayi kuma tana watsa iri, a ɗan ƙaramin lambu za ta dame ka.

Tare ruwan tun daga rufi

In binciken da ka yi da lema ya nuna rufi ne mai laifi, duk abin da na ambata a baya taimako ne kawai, nan ne maganin. A sa magudana a bakin rufi, a kai ruwan tanki. Kuɗinsa ya fi na waɗanda suka gabata, amma yana mayar maka da wani abu a hannu, ruwan ban-ruwa lokacin da sama ta ɗauke. Sai dai ka tuna lissafin ɗazu: tanki mai lita 1,000 ruwa ɗaya ya cika shi har ya yi ambaliya. Wanda bai tanadi inda rarar za ta bi ba, ya ɗauke ramin ne daga gindin indararo ya mayar da shi gindin tanki. A rufe bakinsa da raga saboda sauro, a kuma ɗora shi kan daɓe mai ƙarfi, domin lita 1,000 tan ɗaya ce cur.

Rarar sai a kai ta wani ɗan kwari mai faɗi marar zurfi, santimita 15 zuwa 20, da aka dasa wa tsirrai masu jure jiƙa da bushewa, a zuba tsakuwa a inda ruwan ke shigowa. Dokokinsa biyu: ya yi nesa da tushen gini da aƙalla mita 3, haka da rijiya da masai a ba su tazara mai yawa, kuma ruwan ya ƙafe cikin kwana biyu. Sauro yana buƙatar kamar mako guda daga ƙwai zuwa mai fiffike, don haka kwana biyu ba ta ishe shi ba. In ramin gwajinka ya riƙe ruwa, ka manta da wannan.

Siminti: kwata da katangar tokare

Ni da kaina na taɓa faɗawa wannan tarkon. Na kira magini ya ja mini kwata daga bakin indararo, sumul, gwanin sha'awa, ta bi gefen lambu ta tsaya a ƙarshensa. Ban tambayi inda ruwan zai je daga nan ba, shi ma bai ce komai ba. Ruwa na uku da aka yi, na tarar da rami a bakinta wanda ya kai mini gwiwa, ya ci ƙarƙashin simintin har hannuna na shiga, kafin damina ta fita kuwa mitar ƙarshe ta karye ta faɗa ciki. Siminti ba ya rage ruwa ko ɗigo, gudu yake ƙara masa. Da na shimfiɗa baro biyu na manyan duwatsu a bakin fitar tun farko, da ban yi wannan asarar ba.

Duk da haka tana da ranarta. In ruwan na hanya ne ko na maƙwabta, mai yawan da lambunka ba zai iya shanyewa ba, dole a ba shi hanya ya wuce, kuma hanyar ta kai shi magudanar da aka tanada, ba gindin katangar wani ba, don kada maganin zaizaya ya zama sanadin shari'a.

Katangar tokare kuwa ta gangare mai tsanani ce, inda ake so a yanka shi ya zama matakala. Ita ce mafi tsada, mafi ƙarko in an yi ta daidai, kuma mafi haɗari in an yi ha'inci. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana tura bango da ƙarfin da ya fi na busasshiya nesa ba kusa ba, don haka dole a zuba tsakuwa a bayanta, a bar ƙofofin fitar ruwa a gindinta. In za ta wuce mita ɗaya, a nemi injiniya. Kejin waya da aka cika da duwatsu yana yin wannan aikin ba tare da matsalar riƙe ruwa ba, kuma yana lanƙwasawa in ƙasa ta motsa maimakon ya tsage, amma ransa na hannun wayar, ran da ta yi tsatsa ya ƙare.

Buhunan yashi ban sa su a lissafi ba. Na gaggawa ne, rana tana cinye ledarsu cikin 'yan watanni.

| Hanya | Ruwan da take magani | Kuɗi | Ƙarko | Wa zai yi | In ta gaza |
|---|---|---|---|---|---|
| Lulluɓe ƙasa | Mai sauka kai tsaye | Kaɗan ƙwarai | Damina ɗaya | Kai | Asara kaɗan |
| Kunya a gicciye | Mai gudu kaɗan | Ƙarfi kawai | Gyara duk shekara | Kai, da awo | Ta fashe ta ja rami |
| Jerin duwatsu | Mai gudu, gangara mai sauƙi | Ya danganta da dako | Shekaru da yawa | Kai | Ta binnu, a ɗaga |
| Shingen jema | Mai gudu, har gangara mai ƙarfi | Kaɗan zuwa matsakaici | Shekaru da yawa | Kai | Giɓi ya zama rami |
| Tanki da kwarin shan ruwa | Na rufi | Matsakaici zuwa sama | Shekaru da yawa | Kai da mai gyara | Sauro, danshi a gini |
| Kwata ko katanga | Mai yawa daga waje, gangare mai tsanani | Mafi tsada | Mafi daɗewa | Magini ko injiniya | Rushewa, rigima da maƙwabci |

Wace ce taka?

In lambunka kusan shimfiɗaɗɗe ne, alamar da kake gani kuma laka ce a ganye da ɓawo a ƙasa, lulluɓi ya ishe ka, kada wani ya sa ka sayi siminti.

In ɓarnar daga gindin indararo take farawa, fara da rufi. Ko ba ka da kuɗin tanki bana, tara duwatsu da tsakuwa a inda ruwan ke zuba, faɗin mita guda, ka ja shi zuwa ɗan kwari nesa da gini.

In gangararka ba ta wuce kashi 5 cikin 100 ba kuma dutse na kusa, jera shi, ka juya kunyoyinka su bi layinsa. Daga nan zuwa sama, jema ta fi, kuma abin da ni zan yi shi ne in haɗa su: dutse ya riƙe wurin a daminar farko, jemar da aka dasa a bayansa ta karɓi aikin a ta biyu.

In gidan haya kake, ko ba ka san shekara nawa za ka yi a wurin ba, tsaya kan lulluɓi da kunya, in ka so ka ƙara da ganga wadda za ka iya ɗauka ran tashi.

In kuwa rami ya riga ya buɗe, kada ka cika shi da ƙasa kawai, ruwa na gaba zai kwashe ta. Kautar da ruwan daga samansa tukuna, sannan ka yi 'yan gajerun shingayen dutse a cikinsa, tsakiyar kowanne ta fi gefensa ƙasa don ruwa ya bi ta kai maimakon ya ci gaɓa. In ramin ya fi ƙugu zurfi ko yana matsowa kusa da tushen gini, ajiye shebur ka kira injiniya kafin ruwa na gaba.